Farin Finjali a Shagon Yari

Akwatin ƙarfe ɗaya. Kwat biyu, ɗaya ta sanyi wadda ba za ta sake amfani ba. Littattafan lissafi ɗaure da igiya. Hular Turawa mai baki. Turmin atamfa na Goggo. Ɗan injin niƙa na hannu. Tukunyar dafa kafe, wato gahawa, mai ƙugu kamar kalangu. 'Ya'yan kafe kuwa babu ko ƙwaya, sun ƙare tun a Yamai.

Kayan Sallau ke nan a bayan motar da ta baro Dogon Dutsi ta nufi Birnin Konni. Shi yana gaba kusa da direba, gwiwoyinsa na dukan ƙarfe. Yana yaro ya bar Konni. Lakwal, makarantar boko, ta kai shi Tawa, ta kai shi Yamai, ta kai shi Dakar, yanzu gwamnati ta maido shi gida ya koyar da lissafi a kwalejin da aka buɗe bayan tafiyarsa. Uwa da uba sun rasu yana can. Saura Goggo Tsahara, ƙanwar babansa, ita ke riƙe da gidan.

Ɗanta Chindo ne ya tarye shi a tasha. Tela ne, sa'arsa, kuma taubashinsa, tun da ɗan mace ne shi kuwa ɗan namiji. Tun suna yara ba su haɗuwa ba tsiya. Sallau bai gama sauko da ƙafa ba Chindo ya fizgo hular daga cikin kaya, ya kifa a kansa, ya shiga taku irin na soja.

"Jama'a ku zo ku gani. Mun aika shi neman ilimi ya dawo muna da akushi a kai."

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Sallau ya gaji, bayansa na ciwo, kuma ya hango wani jandarma yana kallo. Ya yi magana da Faransanci tukuna, sannan ya maimaita da Hausa.

"Ba ni hulata. Ni ba yaro ba ne, nan kuma ba dandali ba ne."

Chindo ya cire hular, ya kakkaɓe ta da hannun riga, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ɗora akwatin a kai ya wuce gaba. Har gida bai waiwayo ba.

Abin da Sallau ya fara nema a garin kafe ne. A Dakar ya koyi shansa, baƙi, ba madara, kuma in bai sha ba allo yakan yi masa nisa. Ya fara da teburan bakin tasha. Ruwan zafi daga garwa, garin gwangwani a bakin cokali, madara mai zaƙi har ta yi kauri a gindin kofi. Da ya ce baƙi yake so, mai teburin ya tambaye shi ko ciki ne ke damunsa. Ya je masaukin da Turawa da manyan ma'aikata ke sauka, aka kawo masa wanda ya kwana, yana warin tsumma. A hanyar duwan, ofishin kwastan, akwai wani da ke zuba citta da kanumfari har harshe ya mutu. Sallau ya sha rabi ya bar masa.

Hanci ne ya kai shi inda ƙafa ta kasa. Wata rana ya taso daga aji ya yanke ta lungun bayan kwaleji, sai ƙamshi ya tsayar da shi. Ya bi shi har wani ɗan shagon laka mai ƙofar langa-langa da rumfar zana. Wani dattijo na zaune gaban murhu yana juya 'ya'yan kafe a kasko, tsagar Gobirawa ta taso daga bakinsa har kunne. Sunansa Yari. Ya yi shekaru yana kuku a Abijan, can ya koyi abin, ya dawo da shi. Tanimun direba ke kawo masa ɗanyen a buhu in ya dawo daga kurmi. Yari ya soya, ya daka a ɗan turmi, ya tace da ƙyalle fari.

Mutum uku ko huɗu ne a kan benci, kowa da kofin silba. Da Yari ya ga Sallau ya miƙe, ya shiga ciki ya fito da kujera, ita kaɗai ce a shagon. Ya buɗe wani kwali ya ɗauko farin finjali da farantinsa, ya ɗauraye, ya cika.

"Bisimilla, Mushe," in ji shi, yadda ake kiran malamin lakwal.

Sallau ya kurɓa. Ɗaci mai tsabta, ba ƙauri, ya sauka har ƙirji. Washegari ya dawo, da jibi, har ya zama ba ya shiga aji sai ya biyo ta nan. Kullum kujera na jiransa, an goge ta. Kullum farin finjali. In ya iso hirar benci takan lafa, a gaishe shi, a tambaye shi gajiya, a jira ya gama. Abin ya yi masa daɗi. A ransa yakan ce shagon nasa ne, tun da shi ya gano shi.

Shi da kansa ya kai Jibo. Jibo sabon malamin tarihi ne da aka turo daga Dosso, gajere, mai yawan dariya, wanda bai san kowa ba a Konni. Sallau ya ga yana karyawa da ruwan zafin tasha, ya ji tausayinsa, ya ce zo in nuna maka inda ake shan kafe na gaskiya. A hanya yana yi masa bayanin yadda ake suya da yadda ake tacewa. Jibo ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa, in dai akwai sukari.

Suka yi sallama. Jibo ya gaida mutane da Hausarsa mai ɗingishi. Yari ya ɗaga kai daga kasko, ya dube shi sama da ƙasa.

"Mushe, ina ka tsinto wanga?"

"Abokin aikina ne. Mushe Jibo, daga Dosso."

"Bazabarme." Yari ya ajiye ludayin. "Yau na yi arziki, bawana ya zo da ƙafarsa. Kai, wa ya ce ka tsaya a rumfata da takalmi?"

Sallau ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Jibo ya riga shi. Ya matsa kusa ya leƙa fuskar dattijon kamar mai duba kaya a kasuwa.

"Wanga tsoho, kaza ce ta yi tono a fuskarka, ko da kyanwa kuka yi faɗa?"

Benci ya fashe. Malami dillalin albasa har kafe ya sarƙe shi. Yari ya ɗauko wani kofi da ya lotse, hannunsa ɗaure da waya, ya ce wannan na kare ne amma karen ya mutu, Bazabarme na iya gado. Jibo ya karɓa, ya cika shi da sukari, ya tura Malami da kafaɗa ya zauna tsakiyar benci. Kafin su tashi ya ɗauke rabin burodi daga teburin ya ce jangali ne, ubangida ba ya sayen abin bawansa.

Sallau ya san da wasan Gobirawa da Zabarmawa, kowa ya sani. A Dakar har ya taɓa yi wa wani Bafaranshe bayaninsa. Bai dai taɓa zama a kujera yana kallonsa daga gefe ba.

Ba a daɗe ba Jibo ya riga shi sanin shagon. Ya san sunan matar Yari, ya san ɗiyarsa da ke aure a Malbaza, ya san Tanimun na tsoron allura. In ya makara sai Yari ya riƙa leƙen lungu yana cewa halan yunwa ta kashe shi, ƙasarsu ba a cin komai sai ganye. In ya iso a miƙa masa taɓarya a ce ya daka, ya daka yana waƙar zambo. Wani lokaci ya fizge hular Yari ya sa, dattijon ya bi shi da ludayi suna kewaya murhu, tsoho mai jikoki yana haki yana dariya. Jibo bai iya bambanta kafe mai kyau da ruwan wanki ba. Sallau ya ga ranar da suya ta ɗan zarce, ya faɗa, Yari ya ce, "Gaskiyarka, Mushe, a gafarce ni," ya zubar ya sake sabo. Jibo ya shanye nasa ƙonannen ya ce bai taɓa jin mai daɗinsa ba, Yari ya ce ai bakin jaki bai san zuma ba, aka yi ta dariya. Sallau na riƙe da sabon finjalinsa, mai kyau, ba wanda ya dube shi.

Ya fara lura da abubuwan da ba su kai a lura da su ba. Nasa ake fara zubawa, amma Jibo ake fara kallo. Shi ake tambaya lafiya, Jibo ake ba labari. Ran da aka yi sunan jikan Yari, shi Sallau an aiko masa da goro a faranti an rufe da ƙyalle. Jibo kuwa can ya wuni, an ɗaura masa zane an sa shi rabon tuwo, ya zo lakwal washegari yana ba da labari muryarsa a dishe. A nan aka yanke wa Sallau cibiya, makabartar garin cike take da danginsa, amma wani daga Dosso ne ke gaya masa abin da aka yi a unguwa.

Ya gwada zama a benci. Ya iso da wuri, ya wuce kujerar ya zauna kusa da Malami. Malami ya matsa ya ba shi fili, Tanimun ma ya matsa, har ya zama shi kaɗai ne a rabin benci su kuwa sun cunkushe a ɗaya rabin. Yari ya ɗauko kujerar ya ajiye a gabansa, ya ɗora finjali a kai kamar tebur.

Ya gwada daina zuwa da Jibo. Ya bi wata hanya, ya iso ya same shi can yana daka.

A lakwal ya fara ganin laifinsa. Jibo na makara, Jibo na barin yara su yi surutu, rigarsa ba guga. Da darakta ya yaba wa ajin tarihi Sallau ya ce ai tatsuniya kowa na sonta. Jibo ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. Ko haushi ba ya ji, wannan ma wani abin haushi ne.

Ranar kasuwa ce abin ya faru, rumfar ta cika, har da baƙi daga Illela da suka kawo gero. Jibo bai iso ba tukuna. Yari na tsugune yana hura wuta, yana cewa yau bawansa ya gudu, sai ya sa a kamo shi. Mutane na murmushi. Sallau ya ji maganar ta taso masa, ya san kalmomin, ya ji su sau da yawa har ya haddace. Ya ajiye finjali.

"Kai tsoho," ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "kai ne bawan ai. Bagobirin da kaza ta yi wa tono a fuska."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ɗauka ba su gane wasa ba ne, sai ya miƙa hannu ya doke hular, yadda ya ga ana yi. Hannunsa bai saba ba. Hular ta faɗa cikin murhu.

Kan Yari ya fito fili, furfura da sanƙo, a gaban baƙi. Dattijon bai taɓa kansa ba, bai kuma ɗauki hular ba. Yana tsugune yana kallon ƙasa. Wani daga cikin mutanen Illela ya tambayi Malami a hankali, ɗan wane ne wannan, Malami ya faɗi sunan baban Sallau, mutumin ya ce Allah ya jiƙansa. Warin ƙonannen zare ya taso ya danne ƙamshin kafe.

Daidai nan Jibo ya shigo. Ya dubi murhu, ya dubi kan Yari, ya dubi Sallau. Ya sa hannu ya zaro hular, ya kashe wutar da tafinsa, ya kifa ta a nasa kan da ƙunarta.

"Wa ya taɓa mini kaya? Wanga tsoho nawa ne, gadonsa na yi. Wanda ke son dukan bawana ya zo ya biya ni tukuna." Ya zaro tasa hular daga aljihu ya jefa wa Yari. "Rufe wannan ƙwaryar, kana kashe muna ido."

Wani ya yi dariya, wani ya bi. Yari ya sa hular Jibo, ta yi masa kaɗan, ya ce ko hular Zabarmawa yunwa take ji. Rumfar ta dawo da rai. Sallau na zaune a kujerarsa. An cece shi, kuma wanda ya cece shi ne ya fi tsana a duk faɗin Konni.

Washegari ya zo da wuri don ya ba da haƙuri kafin mutane su taru. Ya tarar an shimfiɗa ƙyalle a kan kujerar. Yari ya miƙe tsaye, ya rusuna.

"Ranka shi daɗe."

"Baba Yari, abin jiya..."

"Ba komai, ranka shi daɗe. Mi ya faru jiya?"

"Wasa na yi nufi."

"Awo. Mun gode."

Ya kawo finjalin da hannu biyu, ya koma gefe ya tsaya, bai zauna ba sai da Sallau ya gama. Kafen bai taɓa yin kyau kamar na ranar ba. Da Malami da Tanimun suka iso suka gaishe shi daga bakin rumfa, suka ce za su dawo an jima.

Da azahar ya sami Goggo Tsahara a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Labari ya riga shi zuwa, ya gani a yadda ba ta ɗaga kai ba. Ya zauna a bakin turmi.

"Goggo, abin da Jibo ke faɗi kullum shi na faɗa. Ban ƙara ko kalma ba."

"Jibo Bazabarme ne."

"Ni kuma ɗan garin nan ne."

"Shi ya sa." Ta watsar da tsakuwa. "Shi kakanninsa suka bar masa. Kai kuwa tsohon ga sa'an ubanka ne, tare suka yi sallar Juma'a shekara da shekaru. Mi ya haɗa ka da hularsa?"

"To ni da wa zan yi? Kowa sai ya rusuna mini kamar ni ne kwamanda."

"Kana da naka. Har tasha ya je tarbarka."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Sallau ya tuna tun ranar tasha Chindo bai sake shigowa ɗakinsa ba. Yakan zo gaida uwarsa, in sun haɗu a zaure ya ce Mushe ina wuni, ya raɓa bango ya wuce. Da Sallah ya aiko masa da riga, ɗinki mai kyau, ba tare da ya zo awo ba.

"Yari bai je tasha ba ranar," in ji Sallau.

"Konni ce. Ba sai ya je ba."

Ya shiga ɗaki. La'asar ta yi, bai fita ba. Can ya ji sallama a zaure, da muryar Jibo yana tsokanar Goggo, yana ce mata ta ba shi tuwo ko ya kai ƙara wurin sarki, ita kuwa tana dariya, dariyar da Sallau bai ji ba tun da ya dawo. Sannan aka buga ƙofarsa.

Jibo ne tsaye, da ƙonanniyar hular Yari a kansa. Ya miƙo ƙullin takarda mai ɗumi.

"Tsohon ya ce a kawo maka. Yanzu ya sauke daga wuta. Ya ce ya ji kana da injinka da tukunyarka, kada ka riƙa wahalar tafiya cikin rana. In ya ƙare ka aiko."

Sallau ya karɓa. Ƙamshin ya cika ɗakin. Suya ce irin wadda yake so, ba ta zarce ba ko kaɗan.

"Kada ka ɗauke shi da zafi," in ji Jibo. "Gobe mu tafi tare. In zage shi, in zage ka, a wuce wurin. Ni ai ba ni da kunya."

Da gaske yake, ba mugunta a fuskarsa. Sallau ya duba ya duba bai samu ba. Idonsa ya koma kan hular, wurin da wuta ta ci ya yi baƙi, Jibo ya karkata ta gefe yadda kowa zai gani.

"Tana yi maka kyau," ya ce.

"Ko? Ya ce in maido, na ce sai ya fanshe ta da kaza." Jibo ya gyara ta. "To, gobe?"

Sallau ya waiwaya. Tukunyar na kan akwati inda ya ajiye ta tun ranar da ya iso, injin niƙa na gefenta, hular Turawa na rataye a ƙusa.

"Ka gaishe shi. Ka ce na gode."

Ya tura ƙofar ta rufu, ya sa sakata. Jibo bai tafi ba, inuwar ƙafafunsa na nan a ƙarƙashin ƙofa.

"Kujerar fa?" ya tambaya daga waje. "Kullum sai ya goge ta."

"Ya mai da ita ciki," in ji Sallau. "Daga yau a ɗakina zan sha."